Gyaran Mai Ƙaramin Mudu

'Yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, duk wanda mahaifiyarsa ta taɓa aikensa awo kasuwar Kakuri ko ta Sabon Tasha ya san abin da ake kira gyara. Idan mai hatsi ya gama auna maka mudu biyar, sai ya sa hannu ya ɗebo ɗan kaɗan ya zuba a kai, kuma gwargwadon daɗewarka kana ciniki da shi, gwargwadon cikar tafin hannunsa. Babu takarda a tsakaninku, babu shaidu, amma kowa ya san abin da ya kamace shi. Ran da ya hana ka gyara ba gaira ba dalili, ka san zumunci ya soma sanyi. Ran da kuwa ka gane ya bubbuge gindin mudunsa don ya rage masa ciki, sa'an nan yana cika maka hannu da gyara yana washe haƙora, to ka san ka faɗa hannun macuci.

Mun tuno da mai hatsi ne saboda abin da kamfanonin wayar salula suke yi mana da sunan kyauta da garabasa da ladan daɗewa. Mu da muke zaune a kudancin kogin Kaduna, tun daga Barnawa da Narayi zuwa Television da Unguwar Romi, har can Gonin Gora, mafi yawanmu ba mu da wani ɗakin karatu da ya wuce wayar da ke aljihunmu. Da ita muke sauko da takardun darasi, da ita muke rajistar kwasa-kwasai, ta cikinta ake turo mana ɗan kuɗin abinci daga gida, ta cikinta ƙaramin ma'aikaci yake jin shigowar albashinsa. Saboda haka duk wanda ya taɓa farashin abin da ke cikin wannan waya, tuwonmu ya taɓa, da karatunmu.

A ranar 20 ga Janairun 2025, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta amince wa kamfanonin su ƙara farashi, amma ta ce kada ƙarin ya haura kashi 50 cikin ɗari. Su kuwa ninki suka nema tun farko. Ba a rufa wata guda ba, a cikin Fabrairu, sai masu layin MTN suka wayi gari suka tarar ƙunshin data na gigabayit 15 da suka saba saye naira 2,000 a mako ya koma naira 6,000. Ko ɗan aji uku na firamare ya san wannan ƙari kashi 200 ne. Wanda ya dogara da wannan ƙunshi yana kashe naira 8,000 a mako huɗu, an ce masa daga yau ya nemo 24,000. A wannan wata ɗan hidimar ƙasa naira 33,000 ake ba shi alawus, mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin 2024 kuwa naira 70,000 ne. Da hayaniya ta yi yawa, kamfanin ya fito ya ba da haƙuri cikin Turancin buroka, da raha da barkwanci kamar wanda ya taka ƙafar abokin wasansa, ya ce kuskure aka yi. Haƙurin mun ji shi. Ƙunshin naira 2,000 dai bai dawo yadda yake ba.

To, ta wace ƙofa aka bi har hukuma ta ce hamsin, aka yi mana ɗari biyu? Masu kare kamfanin sun ba da amsa, kuma amsar tasu ita ce ainihin ƙararmu. Suka ce ai wancan farashi dama rangwame ne, alheri ne kamfani yake yi wa jama'a, yanzu kuwa ya ga dama ya janye alherinsa. Madalla da wannan gaskiya da ta suɓuce musu. Ashe duk abin da aka raɗa wa suna garabasa ba shi da gindin zama. Ana iya jawo ka da shi, a bar ka ka saba da shi, ka tsara kasafin watanka a kansa, ka bar wani kamfani dominsa, sa'an nan a zare shi cikin dare ba tare da an yi maka ko sallama ba. Idan ka yi ƙorafi a ce maka, kyauta ce fa, wa ya taɓa kai ƙarar wanda ya daina ba shi kyauta? Da wannan kalma guda ɗaya ake mayar da mai biyan kuɗinsa almajiri.

Mu kuwa mun ce ba kyauta ba ce. Kamfanin da hannayen jarinsa suke kasuwar hada-hada ta Legas ba gidan zakka ba ne, kuma ba mu zarge shi a kan haka ba. Duk wata garabasa an riga an lissafa ta a cikin farashi, kamar yadda mai hatsi ya riga ya lissafa gyaransa kafin ya faɗa maka kuɗin mudu. Wanda ya sayi wancan ƙunshi ya saye shi ne da kuɗinsa, a kan farashin da aka yi masa tayi, kuma wannan shi ne farashin gaskiya a wurinsa, ko me aka rubuta a littafin kamfani.

Bari mu ɗan tsaya a kan yadda ake ƙera wannan gyara, domin a nan ne ƙaramin mudun yake ɓoye. Kowa ya tuna da tsare-tsaren da aka yi ta shelarsu a rediyo da allunan bakin hanya, irin su Awuf4U da YafunYafun na MTN, da Berekete na Glo, da SmartConnect na Airtel. Za a ce maka ka sa katin naira ɗari a ba ka ninki huɗu ko fiye. Abin da ba a faɗa da ƙarfi shi ne, kuɗin garabasar yana zaune ne a wani asusu daban, kuma idan kana kira daga wannan asusu ana cajinka fiye da yadda ake caji a asusun ainihi. A ce, alal misali, an ba ka ninki huɗu, amma kowane minti ya ninka tsada sau uku. To abin da ya shigo hannunka bai taka kara ya karya ba. Bayan haka an gindaya masa wa'adi na 'yan kwanaki, an kuma karkasa shi: wannan na kira ne, wancan na data ne, wani ma sai tsakar dare zai yi aiki, lokacin da ɗalibin kirki ya kamata a ce yana barci. Abin da ka kasa cinyewa kafin wa'adi ya koma inda ya fito. Naira ce a suna, amma nairar da kamfani ne ya buga ta, shi yake yanke mata daraja, shi yake sanar da ranar mutuwarta. Ko Babban Banki, da ya sauya fasalin kuɗi a ƙarshen 2022 ya jefa mu cikin wahalar da ba mu manta ba, aƙalla ya yi shela kafin ya yi.

Hukumar da kanta ta san da wannan ruɗani. A Yulin 2024 ta fitar da ƙa'ida cewa a rage yawan tsare-tsaren farashi, a kuma bayyana wa mai saye a fili abin da kowace garabasa ta ƙunsa. Tun a 2018 ma ta ba da umarni a riƙa ɗaga wa mutum ragowar datarsa idan ya sabunta a cikin kwanakin da aka ware. Da babu ɓarna, da ba a yi doka ba.

Yanzu mu zo kan ladan daɗewa, wanda shi ne ya fi ci mana tuwo a ƙwarya. A al'adar kasuwarmu tsohon abokin ciniki shi ne na gaban goshi. A wurin waɗannan kamfanoni abin juye yake. Garabasa mafi tsoka ta sabon layi ce. Za ka ga an kafa lema a bakin titin Kachia ana kiɗa ana raba layi, ana yi wa wanda ya zo yau alkawarin ninki bakwai na wasu watanni, alhali malamin makarantar da ya riƙe lambarsa tun 2003, wanda ya sayi layin a zamanin da layi kaɗai ya fi albashin wata tsada, ba wanda ya san da zamansa. Ango ake yi wa shimfiɗa, ko kuma mu ce amarya, uwargida kuwa tana can bakin murhu. Wannan ne ya sa kusan kowanenmu yake yawo da layi biyu ko uku, yana tsalle daga wannan zuwa wancan, ba don yana jin daɗi ba.

Akwai kuma shirye-shiryen karrama abokan hulɗa, irin wanda MTN ya kira Prestige da takwarorinsa a sauran kamfanoni. A nan an jera mutane hawa-hawa, kuma ma'aunin hawan shi ne yawan abin da mutum yake kashewa, ba yawan shekarun da ya yi ba. Mai kashe dubbai masu yawa a wata shi ake yi wa tanadin wurin hutawa a filin jirgin sama da layi na musamman a ofis. Madalla. Amma a daina kiran wannan ladan amana, a kira shi da sunansa, wato fadanci ga mai kuɗi. Kuma matakin da aka ɗora ka yau, kamfani ne kaɗai yake da ikon sauya sharaɗinsa gobe. Shi kuwa wanda ba ya iya sayen babban ƙunshi, wanda yake sayen na naira ɗari biyu yau, na ɗari uku jibi, idan ka tara abin da ya biya a kan kowane gigabayit sai ka ga ya fi attajiri biya. Idan kuma katinsa ya ƙare ya ranci na kamfani, shekara da shekaru kashi 15 cikin ɗari ake zaftarewa nan take, a kan bashin da sau da yawa ba ya kwana uku. Ku ɗalibai masu nazarin tattalin arziki ku lissafa mana nawa wannan ruwa zai kama a shekara. Mu dai mun gwada, alƙalaminmu ya ƙi.

Mai karatu zai ce, to me ya hana ku tafiya? Ai tun 22 ga Afrilun 2013 aka ba kowa damar ya ƙaura zuwa wani kamfani da lambarsa. Gaskiya ne, kuma har yanzu muna tunawa da yadda ɗan wasan nan Hafiz Oyetoro, wanda aka fi sani da Saka, ya tashi daga tallar Etisalat ya koma ta MTN a wannan lokaci. Amma ƙaura sai da wurin zuwa. Manyan kamfanonin huɗu ne kacal. Na huɗun, wanda ya soma da sunan Etisalat a 2008, bashin dala biliyan 1.2 ya durƙusar da shi, ya koma 9mobile a 2017, masu hulɗa da shi suka yi ta watsewa. Sauran ukun kuwa a rana ɗaya aka ba su izinin ƙari, kuma duk sun ƙara. Mai ƙaura yakan bar ragowar katinsa da datarsa a baya, domin ba a tafiya da su. Sa'an nan akwai unguwannin da sabis ɗin kamfani ɗaya ne kaɗai yake shiga ɗaki. Wanda yake zaune a irin wannan lungu a Unguwar Pama ko Kamazou ba shi da zaɓi ko kaɗan.

Watsar da layin gaba ɗaya kuwa ya zama abin tsoro. Tun Disamban 2020 da gwamnati ta ce a haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, lambar waya ta zama kamar sunan yanka. Banki da ita ya san ka, hukumar jarrabawa da ita ta san ka, wurin da ka kai takardar neman aiki ita za su kira. Mun ga abin da rashin layi yake yi a jihar nan. A ƙarshen Satumban 2021 gwamnatin Kaduna ta sa aka katse sadarwa a wasu sassan jihar saboda 'yan bindiga, ba a mayar ba sai a ƙarshen Nuwamba. Wannan umarnin gwamnati ne, ba mu ɗora wa kamfanoni laifinsa ba. Amma waɗanda abin ya shafa sun riƙa yin tafiya mai nisa don kawai su kira ɗan'uwa ko su ga ko kuɗi ya shigo. Mutumin da rayuwarsa ta rataya a kan layi har haka, idan ya shekara goma bai sauya ba, ba za a ce ƙauna ce ta zaunar da shi ba. Turke ne ya riƙe shi. Kamfanonin sun san haka sarai, shi ya sa ba sa asarar hatsi a kan akuyar da ke ɗaure.

Mutanen Kakuri ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan yadda ake saka wa wanda ya daɗe. Masaƙar Kaduna Textiles da aka buɗe a 1957, zamanin Sardauna, ta rufe a 2002, ma'aikatan da suka ƙarar da ƙuruciyarsu a gaban injin suka shiga shekara da shekaru suna bin haƙƙinsu na sallama, da yawa suka rasu ba su karɓa ba. Su fa nasu haƙƙin a rubuce yake. Ina ga namu da aka ce mana tun farko kyauta ce?

Sai maganar sabunta waya, wadda ita ce sabuwar igiyar. Da farko aka yi ta aiko mana da saƙo cewa mu je mu sauya layinmu zuwa na 4G a ba mu data kyauta. Muka je. Sai aka ce ai layin ba zai nuna ƙarfinsa ba sai a cikin wayar da ta dace da shi. Kafin mu gama wannan, a 2022 MTN ya buɗe 5G a birane bakwai, Legas da Abuja da Fatakwal da Ibadan da Kano da Owerri da Maiduguri, babu Kaduna a ciki, amma tallar ta iso mu tun kafin turakun su iso. Daga tsakiyar 2023 darajar naira ta faɗi, kuɗin waya ya yi tashin gwauron zabo, har ƙaramar Tecno ko itel ta fi ƙarfin ɗalibi. Nan fa masu ba da waya bashi suka sami kasuwa, irin su Easybuy da M-KOPA, kamfanonin layi su ma suka haɗa gwiwa da masu ba da lamuni. Ka ba da kafin alƙalami, ka tafi da waya, ka riƙa biya kullum ko mako-mako ko wata-wata. Ba mu musa cewa wannan ya sa mutane da yawa sun riƙe wayar da da ba za su iya saye ba. Amma mai shiga ya san abu biyu. Na ɗaya, idan ya tara abin da zai biya daga farko zuwa ƙarshe, ya zarce kuɗin wayar a hannu, wani lokaci da tazara mai yawa, kuma ba kowane mai talla ne zai yi masa wannan lissafi ba. Na biyu, a cikin wayar akwai manhajar da ke kulle ta daga nesa ran da biya ya yi jinkiri.

Mun ga wannan da idonmu. Wata 'yar ajinmu da ke zaune a Narayi ta biya fiye da rabin kuɗin wayarta, sai albashin mahaifinta ya yi jinkiri, ita ma ta yi jinkirin kwana biyu. Ana gobe jarrabawa wayar ta rufe, duk takardun darasinta suna ciki. Ta kwana tana kwafar na ƙawarta da hannu a hasken fitila. Kamfanin da ya yi mata haka bai karya yarjejeniya ba, domin ta sa hannu. Amma wace irin yarjejeniya ce wadda mai bin bashi yake riƙe da makullin abin da ka riga ka biya rabinsa, shi ne mai ƙara, shi ne alƙali, shi ne kuma ɗan doka? Ko mai jingina a kasuwa yakan ɗaga ƙafa ga wanda ya san fuskarsa.

Wannan salo daga waje aka kwaso shi. A Amurka kamfanin T-Mobile ya fito da shirin sabunta waya a 2013, Apple ya bi sahu a 2015: ka riƙa biya wata-wata, kafin ka gama biyan wannan a karɓe ta a ba ka sabuwa, biya ya soma daga farko. Mai bin wannan hanya kullum yana riƙe da sabuwar waya, kuma kullum ana binsa bashi. Amma tun da an kwaso cutar daga can, me ya sa ba a kwaso maganin ba? A Ingila, a Satumban 2018, ƙungiyar Citizens Advice ta kai ƙara gaban hukumar kula da gasar kasuwanci cewa ana cin tarar mutane saboda daɗewarsu da kamfani ɗaya, ta ƙiyasta asarar da kusan fam biliyan huɗu a shekara a fannoni biyar, har da wayar hannu. An gano mutane suna ci gaba da biyan kuɗin wayar da suka riga suka gama biya, don kawai ba wanda ya tuna musu. Daga Fabrairun 2020 hukumar sadarwarsu, Ofcom, ta wajabta wa kamfanoni su sanar da mutum idan yarjejeniyarsa ta kusa ƙarewa, su kuma nuna masa farashinsu mafi sauƙi. Daga 17 ga Janairun 2025 ta ce duk ƙarin da za a yi a tsakiyar yarjejeniya sai an rubuta shi da fam da kwabo tun ranar saye. Kwana uku ke nan kafin tamu hukumar ta buɗe wa namu kamfanonin ƙofa.

Ba za mu yi zalunci a cikin ƙorafin zalunci ba. Kamfanonin suna da abin faɗa. Dalar da take wajen naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024, alhali kayan aikinsu da dala ake sayowa. Turakunsu da man dizil suke aiki saboda halin da wutar lantarki take ciki. Masu aikin hanya suna tsinka musu wayoyin ƙarƙashin ƙasa, jihohi da ƙananan hukumomi kowa yana miƙo hannun haraji. Daga 2013 har zuwa Janairun 2025 ba a yarda sun ɗaga farashi ba. MTN na Nijeriya ya bayyana asarar kimanin naira biliyan 400 a 2024. Duk wannan mun ji, kuma da an fito an ce mana mudu ya yi tsada, ga sabon farashinsa, ga ranar da zai soma, da mun yi gunaguni mun biya, kamar yadda muke biyan kuɗin Keke daga Sabo zuwa Barnawa. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a ɓoye farashi a cikin garabasa, a riƙa murɗa shi yadda aka ga dama, sa'an nan a ce mu yi godiya. Kuma ga wanda yake jin tausayi ya kama shi, a watanni uku na farkon 2025 kamfanin nan ya dawo da ribar da ta haura naira biliyan 130. Aljihun ɗalibi bai dawo ba.

Na gaba da mu sun taɓa nuna cewa waɗannan kamfanoni suna jin magana idan aka yi musu ita da yaren da suke fahimta. Bayan gwanjon lasisi na Janairun 2001, inda kowane kamfani ya biya dala miliyan 285, an shekara biyu ana cajin naira 50 a minti, ko da sakan biyar ka yi kana magana. Aka yi ta cewa caji bisa sakan ba zai yiwu nan kusa ba. A Agustan 2003 Globacom ya shigo da shi tun ranar farko. A ranar 19 ga Satumban wannan shekara jama'a suka kashe wayoyinsu don nuna fushi. Kafin shekara ta ƙare, abin da aka ce ba zai yiwu ba ya yiwu a wurin kowa. A Fabrairun 2025 Ƙungiyar Ƙwadago ta Ƙasa ta yi kira a ƙaurace wa layuka daga ƙarfe sha ɗaya na safe zuwa biyu na rana, amma ba mu ga alamar abin ya girgiza kowa ba, kuma dalilin a fili yake: wanda zai iya kashe waya a 2003 ya koma harkarsa, a yau idan ya kashe ta ya kashe bankinsa da ajinsa da shagonsa. Mu ɗalibai kuwa a ina muka tsaya? A Afrilun 1978, ƙarin kwabo 50 a kuɗin abincin yini ya tayar da jami'o'in ƙasar nan, har aka rasa rayuka a Legas da Samaru. Ba muna kiran kowa ya fita titi ba ne, Allah ya kiyaye mu da maimaita wannan rana. Amma abin kunya ne a ce an ƙara mana naira 4,000 a mako, iyakar abin da muka yi shi ne zagi a Facebook, da datar da muka saya a sabon farashi.

Abin da muke nema a wurin NCC da Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya ba shi da wuyar fahimta. Duk ƙunshi ko garabasar da aka shekara ana sayarwa, a ɗauke ta a matsayin farashi, kada a sauya ta sai an ba da sanarwar aƙalla wata guda ta saƙon tes, da Hausa da sauran harsunan da mutane suke ji, ba da Turancin lauyoyi a can ƙasan shafin intanet ba. A daina faɗa mana garabasa da naira, a faɗa mana minti nawa ne, gigabayit nawa ne, kwana nawa zai yi. Abin da mutum ya riga ya tara a ƙarƙashin tsohon sharaɗi kada sabon sharaɗi ya cinye shi. Mai sayar da waya bashi kuwa a tilasta masa ya rubuta kuɗin hannu da jimillar kuɗin bashi gefe da gefe da manyan baƙaƙe, ya kuma ba da kwanakin ɗaga ƙafa kafin ya kulle wayar wanda ya riga ya yi nisa da biya.

Kafin hukuma ta motsa, akwai aikin da yake namu. Muna kira ga majalisar zartarwa ta ƙungiyar ɗalibai ta ware wa wannan al'amari mutum biyu ko uku daga sashen lissafi da na shari'a, su riƙa fitar da jadawali kowane wata, a manna a allon sanarwa da ƙofar kowane ɗakin kwana, wanda zai nuna nawa gigabayit ɗaya ya kama a kowane kamfani bayan an tuɓe masa duk kwalliyar talla, da nawa kowace wayar bashi take komawa idan an gama biya. Duk wanda aka sauya wa tsari ba sanarwa, ko aka zaftare masa kati, ya fara kai kuka ga kamfaninsa ya karɓi lambar ƙorafi, idan ba a share masa hawaye ba ya kira 622, layin da NCC ta ware kyauta don haka. Sa'an nan ya ɗauki hoton saƙon da aka aiko masa, da kwanan wata, ya kawo sakatariyar ƙungiya a haɗa da na saura, domin idan za mu rubuta wa hukuma mu rubuta da takardu ɗari a hannu. 'Yan'uwanmu matasan ma'aikata da ke ketare gada kowace safiya zuwa sakatariyar jiha, ku ma ku kawo naku.